Awarwaron Iya Bai Ɓata Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma zan fara da maganar da ya kamata in faɗa tun shekara biyar da suka wuce. Awarwaron azurfar nan na mahaifiyata, wanda aka yi ta rigima a kansa, bai ɓata ba. Duk tsawon shekarun nan yana ƙasan akwatina na ƙarfe, a naɗe cikin tsohon kallabi, kuma ni na ajiye shi a wurin da hannuna. Uwani, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, don na san halinki, a tsaye kike karanta takarda, ki yanke hukunci tun ba ki kai ƙarshen layi ba. Shekara biyar ke nan ba ki yi wa ƙanwarki Asma'u magana da sakakkiyar fuska ba. Ina gani, ina ji, na yi shiru. Yau zan faɗi dalilin shirun da wannan rubutu nawa na makarantar yaƙi da jahilci, in kun ga da laifina ku yafe mini tun ina numfashi.

Kun tashi kun tarar da ni dillaliya a Faskari, kuma na san ba ku taɓa son sana'ar ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗaukar ƙunshi a ka ina shiga gida-gida. Matar da buƙata ta taso mata, ga shi ba ta fita, sai ta aiko a kira ni, ta ja ni ƙuryar ɗaki ta ciro atamfa ko kwalla ko ɗan kunne, ta ce in rufa mata asiri. Ni kuma in kai kayan inda za a saya, in dawo mata da kuɗinta, in ɗauki la'adata. Mutane na cewa dillaliya uwar gulma ce, tunda babu ɗakin da ba ta shiga. Su faɗa. Wadda ke gulma ba ta shekara biyu a wannan sana'a, don ranar da aka ji sunan mai kaya a bakinki, ranar kasuwarki ta mutu. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na san matar da ta sayar da kayan ɗakinta kaf ta biya wa mijinta asibiti, shi kuwa har ya koma ga Allah yana tsammanin ƙanensa ne ya biya. Duk da haka, da Asma'u za ta shiga jami'a aka ba ta takarda ta cike sana'ar uwa, sai ta rubuta 'yar kasuwa. Ta ɗauka ban iya karanta wannan ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce shekarar ƙarshe ta Asma'u a jami'a, inda take karatun kwamfuta. Shekara ce mai nauyi. Malam, mahaifinku, ya riga ya rasu, gonarmu ta Ruwan Godiya kuma ba ta nomu ba saboda hanya ba ta biyuwa, kowa ya san halin da aka shiga. Ana cikin haka Auta, wato Asma'u, ta dawo hutu da kwamfutarta a jaka, fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Kwana biyu tana juya tuwo a kwano ba ta ci. A rana ta uku da hantsi, ina tsakar gida ina ninke wasu zannuwa da aka ba ni, ta zo ta zauna gefen tabarma ta buɗe mini cikinta. Wai kowane ɗalibi sai ya gina wani abu kafin a ba shi shaidar kammalawa, ita kuma ta gina manhaja, wato wata kasuwa a cikin waya, inda ɗalibai za su riƙa saye da sayarwa a tsakaninsu. Mai katifar da ya gama da ita ya sa, mai neman risho ya duba. Ta yi wata huɗu tana aikin, malaminta ya yaba, amma da aka buɗe kasuwar sai masu saye suka cika, masu sayarwa ko mutum goma babu. Na ce ta nuna mini. Ta danna, sai ga hoton wani yaro yana murmushi, ga sunansa, ga lambar ɗakinsa, ga hoton katifarsa a ƙasa. Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba.

"Ke Auta, wannan ai ba kasuwa kika gina ba, shela kika yi. Wa zai kawo katifarshi a buga mishi suna da hoto, duk makaranta ta san tabarma zai koma?"

"Inna, malaminmu ya ce in ba a ga mai kaya ba, ba wanda zai yarda. Damfara za ta yi yawa."

"To ni da nika yawo da kayan mutane tun ba a haife ki ba, wa ya taɓa ganin mai kayana? Ni ake gani. Ni aka yarda da ni."

Ta kalle ni, irin kallon da mutum ke yi wa tsohuwar randar gidansu ranar da aka ce masa ruwanta ya fi na firji sanyi. Washegari na ɗaura mata ƙunshi a ka na ce ta biyo ni. 'Yar jami'a da takalmi mai tsini, tana bin bayan dillaliya a lungunan Faskari, yara na leƙe. Kwana uku muka yi a haka, tana tambaya tana rubutawa a waya. A nan ta ga abubuwan da ni ban taɓa ɗauka ilimi ba ne. Ta ga ba na sayar da kaya a unguwar da na ɗauko su. Abin da na karɓa a gabas, yamma nake kai shi, in kuwa sananne ne ƙwarai sai in jira ranar da zan je Sabuwa ko Ƙanƙara. Ta ga ina canza ninkin zane, don kowace mace da irin ninkinta, maƙwabciya na iya gane shi. Ta ga ina duba kaya a gaban mai shi, in akwai huda ko tabo in faɗa wa mai saye da bakina, don in an gano daga baya sunana ne zai ɓaci. A wani gida wata Hajiya mai son jin ƙwaƙwaf ta ɗaga wata atamfa tana juyawa.

"Wannan kamar na san ta a jikin wata. Ta wace ce?"

"Hajiya, kamfani ai ba guda ɗaya ya buga ba. In ta yi miki ki taya, in ba ta yi ba in ƙara gaba."

Da muka fito Asma'u ta tsaya a bakin zaure, ƙunshi a ka, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita ta ɗauka sana'ata ɗaukar kaya ce. Sauran hutun nan kaf a gaban kwamfuta ta ƙare shi, ta rushe abin da ta gina ta sake sabo. Ta cire suna, ta cire hoton mutum, ta cire lambar ɗaki. Sai ɗalibi mai katin shaida ne zai sa kaya, manhajar ta san shi amma ba ta nuna shi ga kowa. Hoton kaya sai a kan farin ƙyalle, don kada a gane ɗakin. Abin da ya fi ba ni mamaki, ta koya wa abin nan dabarata ta unguwa: kayan da aka sa daga wani ginin kwanan ɗalibai, ba ya bayyana a wayar mazauna wannan ginin, sai na nesa. Mai saye kuwa ko waye, lambar waya ta isa. Sauran wanda zai tsaya a tsakiya ya duba kaya ya miƙa, sai ta ce akwai wata Maman Ladi mai shagon abinci a bakin ɗakunan 'yan mata, mutumiyar Pauwa, Kirista ce, iyayenta masu bin al'adar gargajiya ne. Ta ce shekara ashirin matar nan tana ciyar da ɗalibai, ba a taɓa jin wanda ya kwana da yunwa a bakinta ba. Na ce ita ce. Ranar da za ta koma na tsayar da ita a soro, na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

"Ke da kika gina kasuwar, kina iya ganin wa ya sa kaya, wa ya saya?"

"Ina iyawa, Inna. Makullin yana hannuna."

"To ki yi mini alkawari ba za ki leƙa ba, sai in an yi cuta an kawo ƙara."

"Na yi alkawari."

Ta sa wa manhajar suna Ƙunshi, ta kuma saka mini ita a wayar da ɗan'uwanku Sani ya saya mini, wai in riƙa ganin aikinta. Jama'a, na daɗe a duniya, na ga zuwan rediyo mai kaset, na ga zuwan injin niƙa, amma ban ga abin da ya ɗaure mini kai kamar wannan ba. Ina zaune a Faskari a kan tabarmata, in shafa gilashi da yatsa, sai kasuwa ta riƙa wucewa a tafin hannuna. Makon farko katifa uku da bokiti. Kafin wata ya ƙare, ga risho, ga takalma, ga littattafai, ga tukunyar gas, ga fanka, har da rabin buhun garin kwaki. Ka ga abu da safe, kafin la'asar an buga masa tambari an sayar. Ba wanda ya ɗauki kaya a ka, ba wanda rana ta doka, ba karen da ya biyo kowa. Ni da wuyana ya ƙage saboda ƙunshi, sai in riƙe wayar in ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Kuma kowane hoto na san abin da ke bayansa, ko ban ga fuska ba. Fankar da aka sa ana tsakiyar zafi, ai ba don an gaji da iska aka sa ta ba. 'Ya'yan mutane ne ke rufa wa kansu asiri a hannun ɗiyata, da dabarar da na koya a lungu, kuma na yi alfaharin da ba zan iya misaltawa ba.

Wata Talata da safe, ina shafa gilashin kamar kullum, sai yatsana ya tsaya. Awarwaron azurfa a kan farin ƙyalle, igiya uku a murɗe, da 'yar lotsawa a gefe guda inda taɓarya ta taɓa bugun hannun Iya tana daka a Ruwan Godiya. Ko cikin dubu aka jefa shi zan tsamo shi. Ni na zura wa Asma'u shi a hannu ranar da za ta tafi jami'a. Babu suna, babu fuska, manhajar ta yi aikinta daidai, ta ɓoye shi ga 'yan ɗakinsu ta kai shi nesa. Sai dai nesan ta yi nisa har ta iso hannun uwar mai shi. Yarinyar nan duk ranar Juma'a muna magana, kullum cewa take lafiya lau, komai akwai. Na lalubo lambarta zan kira, har na danna, sai na kashe. Wadda ta sa kayanta a ƙunshi, cewa ta yi a rufa mata asiri. Shekara arba'in ban taɓa tona na bare ba, sai in fara da na ɗiyata? A ranar na sayar da tunkiyata, na je shagon masu tura kuɗi. Ku shaida, wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da na sayi abu a duniya ban taya ba. Da lambar wayata na saya, lambar da Asma'u ta haddace tun tana sakandare. Sannan na kira Maman Ladi, kamar yadda manhajar ta ce mai saye ya yi.

"Ni ce na sayi awarwaron nan. Faskari za ki ba direba shi kawo mini."

Sai ta ce, "Faskari kika ce, Hajiya?"

"Faskari na ce."

"To. Ni dai lamba na gani, ban ga kowa ba."

"Allah shi yi miki albarka. Nima ban ga kowa ba."

Har yau ban taɓa ganin fuskar matar nan ba, amma na san 'yar'uwata ce a sana'a. Awarwaro ya iso cikin kwalin ashana babba, na naɗe shi na ajiye. Na yi zaton magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Da babbar Sallah kuka hallara, Uwani ta zo daga Sabuwa da 'ya'yanta, ana yankan nama a tsakar gida, sai idonta ya sauka a hannun Auta.

"Ke, ina awarwaron Iya?"

"Ya ɓata, Yaya. A wurin wanka na cire, na manta."

"Ya ɓata? Abin da Iya ta mutu da shi a hannu? Dama mi za ki sani na darajarshi, ke da boko ya buɗe wa ido. Ni mai sunanta an hana ni, an ɗauka an ba wadda za ta yar a makewayi."

Asma'u ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina riƙe da wuƙa da tsokar nama, awarwaro na taku goma daga inda nake zaune, na ci gaba da yanka. Uwani, a ranar na gane ba ɓatan ne ya fi yi miki ciwo ba. Ke ce ta fari, sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba, ban taɓa yabon ki kina ji ba. Haka muka tarar ana yi, kunyar ɗan fari. Awarwaron naki ne, kowa ya sani, nima na sani. Sau uku ina ciro shi zan ba ki, ranar aurenki, ranar haihuwarki ta farko, da ranar da Malam ya rasu, kunya tana mayar da hannuna. Auta kuwa babu kunya tsakanina da ita, sai ya tafi wurinta a sauƙaƙe. Wannan kuskurena ne, ba nata ba. Kuma shirun da na yi ranar Sallar nan ya ci mini shekara biyar na ganin 'ya'yana biyu suna gaisawa kamar waɗanda suka haɗu a mota.

Kullum ina cewa ai Auta za ta leƙa. Mutum ne fa, kuma kayan kakarta ne. Dare ɗaya zuciya za ta ce mata duba ki ga hannun da ya faɗa, ko a roƙi mai shi ya mayar. Tana leƙawa za ta ga lambata, ta zo da kanta, magana ta warware ba tare da na karya ƙa'idata ba. Ta kammala karatu, aka yaba aikinta, Ƙunshi ya shiga wasu makarantun, ta ɗauki ma'aikata. Duk zuwan da za ta yi sai in ƙura wa fuskarta ido ina neman alama, ban gani ba. Da daminar bana, da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, ta zo jinya. Wata rana bayan azahar tana shafa mini man zafi, na ga in ban yi magana ba ƙasa za ta rufe ni da ita.

"Auta, makullin nan har yanzu shina hannunki?"

"Yana nan, Inna."

"Ba ki taɓa leƙawa ba? Ko a kan abin da ya dame ki?"

Hannunta ya tsaya a kan gwiwata. "An kawo ƙara sau da yawa, na buɗe na masu ƙara. Amma akwai guda ɗaya da na fi shekara ina kai yatsa kansa ina janyewa. In na buɗe wannan don ya dame ni, gobe zan buɗe na wani don ya ba ni sha'awa."

Na ce ta jawo akwatin. Da ta warware kallabin ba ta yi ihu ba, zama ta yi a ƙasa daɓas, ta riƙe shi da hannu biyu tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Ni ma na yi. Amma abin da ya cika mini zuciya a lokacin ya wuce tausayi, wani irin girma ne na ji yarinyar ta yi mini a ido har na ji tsoronta kaɗan. Ni na riƙe asirin mutane shekara arba'in, amma ni ina ganin fuskokinsu, kunyar ido ma tana taimaka mini. Ita kuwa ita kaɗai a ɗaki, ba mai ganinta sai Allah, tsakaninta da amsar danna yatsa ɗaya, ga zagin 'yar'uwa a kanta, ta yi shekara biyar ba ta danna ba. Daga baya ta faɗa mini dalilin sayarwar. Kuɗin hayar wurin da ake ajiye manhajar ne ya zo a makon da abincinta ya ƙare, in ba a biya ba kasuwar za ta rufe da kayan mutane a ciki, ta kuma san halin da gida ke ciki. Na nemi izninta in rubuta wannan, don ban taɓa fitar da sunan mai kaya ba sai da yardarsa. Ta ce in rubuta. Sannan ta miƙo mini awarwaron.

"Inna, na Yaya Uwani ne. In kin warke ki kai mata Sabuwa."

"A'a. Na aje ƙunshi."

Haka na ce mata, haka kuma nake gaya miki, Uwani. Na yi rayuwata ina tsayawa tsakanin mata biyu don kada su ga juna, kuma ban yi nadama ba, sai a wannan karon. Awarwaro yana hannun ƙanwarki, ba zan ɗauka ba, ba zan ba direba ba. Ta ce ranar Juma'a mai zuwa tana nan gida tun safe. Motar Sabuwa tana isowa kafin azahar. Ki zo ki karɓi kayanki daga hannunta kina kallon fuskarta, ni kuma ina zaune ina kallon taki, Rabi'atu.